Yadda Aka Koyi Gane Tarin Fuka a Cikin Kaki

Jama'a, in tarin mutum ya wuce mako 2, malamin asibiti yakan miƙa masa 'yar kwalba ya ce ya tofa kaki a ciki. To, ku saurara ku ji asalin wannan al'amari.

A 1882 ne wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya nuna a birnin Berlin cewa ƙwayar cuta ce ke kawo tarin fuka. Kafin nan Turawa da yawa sun ɗauka gadonsa ake yi. Ita ƙwayar nan tana da riga mai kauri mai maiƙo, rini ba ya kama ta da sauƙi. Sai waɗansu likitoci biyu, Ziehl da Neelsen, suka gyara dabarar rina ta da jan rini, a wanke da asid. Kome ya zuba, ita kuwa ta riƙe janta, a gan ta a madubin likita.

Amma fa madubi ba ya ganinta sai ta yi dubbai a cikin ɗan kaki kaɗan, saboda haka yara da masu ƙanjamau sau da yawa akan sallame su da cutarsu. In kuwa an ce a raini ƙwayar a kwalba har ta yi yawa, sai a jira mako 6 ko 8. Majiyyaci yana gida yana rama, yana yi wa iyalinsa tari.

Daga baya masana suka koma kan sinadarin gado da ke cikin ƙwayar, watau Di-En-E, wanda ya bambanta ta da kowace halitta. A 1983 wani Ba'amurke, Kary Mullis, ya gano yadda za a riɓanya ɗan ƙanƙaninsa ya zama miliyoyi. Saura fasa rigar nan.

A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert. Akan zuba wa kakin wani ruwa mai narkar da kaurinsa, a bari minti 15. Sa'an nan na'ura ta tace ƙwayoyin, ta girgiza su har su fashe, ta karanta abin da ya fito. Kafin awa 2 an san ko cutar tana nan, har da ko ta ƙi jin maganin nan rifamfisin.

Sai dai na'ura ba ta duba, abin da kuka ba ta shi take karantawa. Yawu ba ya wadatarwa. Ku kurkure baki da ruwa, ku fita sarari nesa da mutane, ku ja numfashi sosai, ku yi tari daga ƙirji, kana ku tofa ku rufe kwalbar.