Bana: gishiri, harshe da sarauta a kwarin Foga

Garin Bana yana cikin kwarin Foga, a gundumar Gaya ta jahar Doso. Mazaunansa na asali Kyangawa ne, manoma gero da dawa, waɗanda harshensu yake cikin dangin harsunan Mande, ɗan uwan Busanci. Da rani sukan tace ƙasar kwari su dafa gishiri, fatake su kai shi kasuwannin Kabi da Borgu. Wannan cuɗanya tana cikin dalilan da suka sa Hausa ta maye gurbin Kyanganci a bakin jama'a. Asali ya tsira, harshe ya ja baya.

Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898, 1904 da 1906 sun raba Kyangawan Bana da danginsu na wajen Kamba. Faransawa suka mai da Bana kanto. Dokar 2002 ta yi ta ƙaramar hukuma, aka zaɓi majalisarta a 2004, sojoji suka rushe majalisun ƙasar a 2024. Majalisa ta zo ta wuce, sarauta tana nan. Don haka mai binciken mulkin ƙasa a Bana, daga fada ya kamata ya fara.