Gawar da Ta Yaudari Hitila

 Abin da zan yi magana a kansa yau wani ƙaramin babi ne daga tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu ke kira Yaƙin Hitila. Babi ne na yaudara, ita kuwa yaudara tun fil azal makami ce a fagen fama.

A watan Janairu na 1943 shugabannin Ingila da Amurka suka haɗu a Kasablanka, suka yanke shawara cewa da zarar an gama da Afirka ta Arewa sai a faɗa wa tsibirin Sisili. Matsalar ita ce, duk wanda ya dubi taswirar Bahar Rum zai gane haka, balle Jamusawa. Ashe ke nan sai an san dabarar da za ta kau da idonsu zuwa wani wuri.

Hafsoshi biyu na ma'aikatar leƙen asiri suka ɗauki nauyin aikin: Ewen Montagu, lauya a rundunar ruwa, da Charles Cholmondeley na rundunar sama. Suka sa wa shirin suna Mincemeat, wato niƙaƙƙen nama. Suka samo gawar wani talaka mutumin Wales, Glyndwr Michael, wanda ya mutu a Landan bayan ya ci maganin ɓera. Suka sa masa kayan soja, suka raɗa masa suna Manjo William Martin.

A nan ne ƙwarewar take. Sun san takardar sirri ita kaɗai ba za ta gamsar da kowa ba, sai mai ɗauke da ita ya zamanto mutum ne mai rayuwa irin ta kowa. Saboda haka suka cusa masa a aljihu hoton budurwa da wasiƙunta, da rasit na zoben alkawari, da guntayen tikitin gidan wasa, har da takardar banki mai tuna masa bashin da ake binsa. Wa zai yi zaton ƙarya ga mutumin da banki ke bi bashi? A cikin jakar da aka ɗaura masa kuwa akwai wasiƙa daga Janar Nye zuwa ga Janar Alexander a Tunisiya, wadda ta nuna cewa Girka za a kai wa hari, da wani wuri a yamma da aka yi wa shaguɓe da Sardiniya a wata wasiƙa ta daban, Sisili kuwa burga ce kurum. Wato gaskiyar kanta aka mayar ƙarya, ta yadda ko Jamusawa sun ga shirin mamaye Sisili za su ce ai wasan da aka gaya musu ne.

Da asubahin 30 ga Afrilu, 1943, jirgin ƙarƙashin teku mai suna Seraph ya saki gawar kusa da garin Huelva a gaɓar Sifen. Ba a banza aka zaɓi wurin ba. Sifen ba ta cikin yaƙin, amma gwamnatin Faranko tana ɗasawa da Jamus, kuma akwai ɗan leƙen asirin Jamus mai himma a garin. Wani masunci ya tsinci gawar, aka binne ta da girmamawar soja. Jami'an Sifen suka zare wasiƙun ba tare da ɓalle hatimi ba, aka ɗauki hotonsu don Jamusawa, sa'an nan aka mayar wa Ingila da jakarta kamar ba a taɓa ba.

Turawan Ingila ba su zauna cikin duhu ba, domin masanansu a Bletchley Park suna warware saƙonnin asiri na Jamus. A tsakiyar Mayu suka ga tarko ya kama. Hitila ya ba da umarni a fifita tsaron Girka da Sardiniya, aka kwaso runduna guda ta tankoki tun daga Faransa zuwa Girka. Ran 10 ga Yuli sojan ƙawance suka sauka a Sisili, ran 25 ga wata aka tuɓe Musolini.

Sai dai ina jan kunnen ɗalibai kada su ce gawa ce ta ci Sisili. Tun da farko zuciyar Hitila tana kan yankin Balkan, inda yake samun man fetur na Romaniya da ma'adinai, kuma akwai wasu shirye-shiryen yaudara da aka gudanar daga Alƙahira a lokaci guda. A ganina wasiƙar ba ta dasa masa sabon tunani ba, tsoron da ke ransa ta yi wa ban ruwa.

Saura batun mamacin. Montagu ya rubuta littafi a 1953, ya ɓoye sunansa, ya ce an nemi izinin dangi. Bincike daga baya ya nuna iyayen mutumin sun riga shi rasuwa. Sai a 1996 wani mai bin diddigin tarihi ya gano sunan a cikin takardun gwamnati, aka kuma ƙara shi a kan kabarin da ke Huelva, inda fiye da shekara hamsin ake karanta sunan Manjo Martin kaɗai.