FASHIN BAƘI: Abin da mai tace bidiyo ya kamata ya sani kafin ya sauya manhaja da kwamfuta

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin tsaro da ya saba bai wa Windows 10, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi. Windows 11 da ta gaje ta kuwa ba ta amincewa da mafi yawan kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018. Kamfanin Apple shi ma ya sanar a watan Yunin 2025 cewa macOS Tahoe ce babbar manhaja ta ƙarshe da za ta hau kwamfutocinsa masu injin Intel.

Waɗannan sanarwoyi sun shafi manyan ɗakunan tace finafinan Kannywood da ke Kano, sun kuma shafi matashin da ke ɗaukar bidiyon biki da suna da saukar Alƙur'ani a Makera, Dutsin-Ma ko Kurfi, wanda sau da yawa jarinsa kwamfuta ɗaya ce ta hannu. Ko ba daɗe ko ba jima, sai ya yanke shawarar inda zai koma. Kuɗin sayen manhaja ba shi ne babbar asarar da ke cikin sauyin ba; tsofaffin ayyukan da za su ƙi buɗewa su ne.

Manhajoji uku da tsarin biyansu

Premiere Pro ta kamfanin Adobe tana aiki a kan Windows da Mac. A watan Mayun 2013 kamfanin ya sanar da daina fitar da sabbin manhajojin da ake saye sau ɗaya, ya koma tsarin haya. A Amurka kuɗin ya haura dala 20 a wata, kuma ranar da aka daina biya, manhajar na rufewa.

Final Cut Pro ta Apple ana sayenta sau ɗaya a kan dala 299.99, amma ba ta hawa Windows. Zaɓenta na nufin sayen Mac.

DaVinci Resolve mallakar Blackmagic Design ce, wani kamfanin Ostireliya da ya saye ta a 2009. Tana aiki a kan Windows da Mac da Linux. Akwai ta kyauta, wadda ke fitar da hoto har zuwa girman 3840 da 2160, akwai kuma cikakkiya mai suna Studio a kan dala 295, biya ɗaya.

Bambancin haya da mallaka ya ƙara nauyi bayan Babban Bankin Najeriya ya saki darajar naira a watan Yunin 2023. Dala da ake canzawa a kan kimanin naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 a farkon 2024. A wannan farashi, dala 295 ta kai naira 442,500, hayar shekara guda ta dala 20 a wata kuwa naira 360,000. Mai karɓar kuɗin aikinsa da naira, yana biyan haya da dala, shi ne ke ɗaukar nauyin duk wata faɗuwar naira.

Darasin shekarar 2011

A watan Yunin 2011 Apple ya fitar da Final Cut Pro X domin maye gurbin Final Cut Pro 7. Sabuwar ba ta buɗe ayyukan da aka tace da tsohuwar, kuma da farko ba ta da tsarin haɗa hotunan kyamarori da yawa. Ƙwararru da dama a Amurka da Turai suka yi ƙaura zuwa Premiere Pro da Avid Media Composer. Abin lura shi ne, fayil ɗin aiki ba bidiyo ba ne. Jerin umarni ne kawai da ke nuna inda aka yanke da inda aka liƙa, kuma manhajar da ta rubuta shi ce kaɗai ke karanta shi dalla-dalla.

Akwai gadoji tsakanin manhajoji, wato fayilolin XML da AAF da EDL. Suna ketarar da yanka da jeren hotuna, amma gyaran launi da rubutun kan allo da ƙawar da aka yi wa hoto sukan zube a hanya. Masu aiki da Hausa suna da ƙarin matsala: ba kowane salon rubutu ne ke da ƙ da ɗ da ɓ ba. Idan sabuwar kwamfutar ba ta da salon da aka yi amfani da shi, sunan amarya ko na jarumi na iya fitowa da gurbi a tsakiyarsa.

Rumbun ajiya da ƙarfin na'ura

Windows na tsara rumbun ajiya da tsarin NTFS, wanda Mac ke karantawa amma ba ya rubutu a kai sai da ƙarin manhaja. Tsarin APFS na Mac kuwa Windows ba ya buɗe shi. Wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne exFAT. Sai dai sake tsara rumbu na shafe duk abin da ke ciki, don haka a kwashe kaya tukuna.

DaVinci Resolve kyauta ce, amma tana da ci. A kan Windows kamfaninta na neman aƙalla gigabait 16 na RAM da katin sarrafa hoto mai ƙarfi. Kwamfutocin Apple masu injin M1, da aka fara sayarwa a Nuwamban 2020, da waɗanda suka biyo bayansu, ba sa cin wuta sosai kuma batirinsu na jimawa. Wannan riba ce ga mai dogaro da wutar KEDCO ko janareta ko sola. Amma RAM ɗinsu a manne yake, ba a ƙarawa bayan an saya. Kwamfutar tebur mai Windows ana iya sauya mata kaya ɗaya bayan ɗaya, kuma samun mai gyaranta a Katsina ko Kano ya fi sauƙi.

Batun manhajar sata

Tsadar haya kan tura wasu ga kwafin da aka fasa wa makulli. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a Maris ɗin 2023, ta kare manhajojin kwamfuta kamar yadda ta kare finafinai. Ban da doka, irin wannan kwafi sananniyar ƙofa ce ta ƙwayoyin cutar kwamfuta, ciki har da masu kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa. A rumbun da ke ɗauke da hotunan matan aure da na iyalan jama'a, wannan batu ne na amana.

Matakan da ya kamata a bi

Kada a sauya ana tsakiyar aiki. A kammala wanda ke hannu da tsohuwar manhaja.

A fitar da kowane tsohon aiki a matsayin cikakken bidiyo mai inganci, a ajiye shi tare da ainihin hotunan kyamara da fayil ɗin XML, a rumbu biyu daban-daban.

A gwada sabuwar manhajar da gajeren aiki kafin a kashe kuɗi. Adobe da Apple duk suna ba da wa'adin gwaji kyauta.

A tambayi abokan aiki abin da suke amfani da shi. Mai aika aikinsa Kano domin gyaran murya ko launi zai sha wahala idan manhajarsu ta bambanta.

Kada a yi saurin sayar da tsohuwar kwamfuta. Bikin da aka ɗauka shekaru biyar da suka wuce ba za a sake yinsa ba, kuma ranar da mai shi ya dawo neman gyara, wataƙila ita kaɗai ce za ta iya buɗe aikin.