Hayik ɗin matan Aljeriya da hotunan da aka ƙaga musu

Kafin hijabin zamani ya cika titunan Aljeriya, tufar fitar matan babban birnin ƙasar ita ce hayik: farin ƙyalle na ulu ko siliki mai tsawon kusan mita 6. Mace kan naɗa shi a ƙugu ta ja shi bisa kai, sannan ta rufe hanci da baki da ɗan ƙyalle mai surfani. A birnin Kusantina baƙi ake sawa, mutanen garin kuma na cewa makokin Salah Bey ne, mai mulkin garin da aka kashe a 1792.

Faransa ta faɗa wa ƙasar a 1830, wannan lulluɓi kuwa ya tsole wa Turawa ido. A farkon ƙarni na 20 masu ɗaukar hoto suka so nuna wa mutanensu abin da ke ƙarƙashin hayik, amma matan aure ba sa buɗe musu ƙofa. Sai suka riƙa biyan matan da talauci ya yi wa katutu, su kai su ɗakin hoto, su jibga musu sarƙoƙi da awarwaro, sau da yawa ƙirji a buɗe. A buga hoton a katin wasiƙa, a rubuta wai haka matan Aljeriya suke a ɗakunansu. Marubuci Malek Alloula ya tattara irin waɗannan katuna a littafinsa na 1981, ya tona yadda aka shirya ƙaryar.

Abin bai tsaya a kati ba. A Mayun 1958 aka tara mata a bainar jama'a, aka sa su yaye mayafi gaban kyamara don a ce sun zaɓi Faransa. A 1960 sojan Faransa Marc Garanger ya ɗauki hotunan katin shaida kusan 2,000 na matan ƙauye da aka tilasta wa buɗe kai. Na ga wasu daga ciki; fushin da ke idanun matan nan ya taɓa min zuciya ƙwarai. A lokacin yaƙin neman 'yanci ne kuma wasu mata suka yi safarar makamai da saƙonni a ƙarƙashin hayik, har aka kai ga 'yanci a 1962.

Yau hayik ya ja baya, sai tsofaffi da amare. Katunan kuwa suna nan suna yawo a intanet a matsayin tarihi. Mai karatu, in irin hoton nan ya iso wayarka, tambayi wanda ya ɗauke shi da dalilinsa kafin ka tura wa wani.