Nahoko Uehashi: Yadda Tatsuniyar Kaka Ta Kai Ta Ga Lambar Andersen

A watan Maris na shekarar 2014, a wajen baje kolin littattafan yara na birnin Bologna da ke Italiya, aka sanar da cewa Nahoko Uehashi ce ta lashe lambar yabo ta Hans Christian Andersen a ɓangaren marubuta. Ƙungiyar IBBY ce ke ba da wannan lambar sau ɗaya a duk shekara biyu, kuma a duniyar adabin yara babu wadda ta kai ta daraja. Kafin Uehashi, marubucin Japan ɗaya ne kawai ya taɓa samunta, wato mawaƙin yara Michio Mado a 1994.

An haife ta a Tokyo ranar 15 ga Yuli, 1962. Mahaifinta mai zane ne, amma wadda ta fara dasa mata son labari kakarta ce, wadda ke zaunar da ita tana ba ta tatsuniyoyin mutanen da. Duk wanda ya taso yana jin "ga ta nan, ga ta nanku" daga bakin kaka ya san irin zaman da wannan ke yi a zuciyar yaro. Littafinta na farko, Seirei no Ki, ya fito a 1989.

Sai dai rubutu ba shi kaɗai ta sa a gaba ba. Ta yi karatu a Jami'ar Rikkyo, ta zurfafa a ilimin nazarin al'adun al'umma, kuma tun daga 1990 ta riƙa zuwa Yammacin Ostireliya wajen 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar suka ƙwace musu ƙasa. Ba na daji ta bi ba. Ta zauna ne da waɗanda ke zaune a ƙananan garuruwa, gida da gida da farar fata, mutanen da yawancin harshen kakanninsu ya riga ya kuɓuce musu. Ta rubuta littafi a kansu a shekarar 2000, daga baya ta zama farfesa a Jami'ar Mata ta Kawamura Gakuen. A ganina wannan zaman shi ne gishirin duk abin da ta rubuta bayansa.

A 1996 kamfanin Kaiseisha ya buga Seirei no Moribito, littafin da ya fito da sunanta. Ta taɓa bayyana cewa tunanin ya zo mata ne tana kallon tallan wani fim, inda ta hangi wata mata ta kama hannun wani yaro tana fitar da shi daga motar da ke cin wuta. Daga nan aka samu Balsa, mace mai shekara 30, gwanar mashi, wadda sana'arta tsaron lafiyar mutane don kuɗi. Sanya mace mai waɗannan shekaru a matsayin jarumar littafin yara ba ƙaramar kasada ba ce a lokacin.

Labarin ya buɗe ne a kan gada. Bijimin da ke jan keken yarima Chagum ya tubure, yaron ya faɗa kogi, Balsa ta bi shi ta tsamo shi. Da dare mahaifiyarsa ta kira ta a asirce ta damƙa mata amanarsa, domin mahaifinsa sarki ne da kansa ke neman ransa. A cikin jikin yaron akwai ƙwan wani ruhin ruwa, wanda in bai ƙyanƙyashe ba fari zai cinye ƙasar. Masanan fada ba su da maganin abin, domin tarihin da ke rubuce a wurinsu an gyara shi don ya ɗaukaka wanda ya kafa daular. Gaskiyar lamarin ta saura ne a bakin Yakoo, mutanen da aka ci da yaƙi aka raina, a cikin waƙoƙin biki da labaran tsofaffinsu. Wanda ya san inda marubuciyar ta yi shekaru tana saurare ba zai yi mamakin wannan ba. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta mai da masanan fada duka mugaye ba; ɗayansu ma sai da ya duƙufa kan tsofaffin allunan dutse kafin aka haɗa sanin biyu aka ceci yaron.

Har abinci ba ta wasa da shi. Tanda, mai maganin gargajiya, yana dafa miyar ganyen dutse a bukkarsa, mai karatu ya ji kamar ƙamshin na dukan hancinsa. Abin ya kai ga an buga littafin girke-girke na musamman daga labaran.

Moribito ya zama jerin littattafai sama da goma. A 2007 kamfanin Production I.G ya mai da na farko fim ɗin zane mai kashi 26, sannan tashar NHK ta yi wasan kwaikwayonsa daga 2016 zuwa 2018. Fassarar Turanci da Cathy Hirano ta yi ta samu lambar Batchelder a Amurka a 2009.

Ba ta tsaya nan ba. Kemono no Soja na 2006 labarin Elin ne, yarinyar da ta koyi sadarwa da manyan namun daji masu fiffike, masu mulki kuma suka so mai da baiwarta makamin yaƙi. Shika no O na 2014 ya shiga harkar annoba da magani, ya kuma lashe kyautar masu sayar da littattafai ta Japan a 2015, kyautar da galibi littattafan manya ke ɗauka. Yaran da suka fara karanta Balsa a 1996 yanzu iyaye ne, kuma ba su daina sayen littattafanta ba. A 2022 ta fitar da Kokun, labarin wata daula da ta dogara da irin shinkafa guda ɗaya tak, har ranar da ƙwari suka afka masa.