Godiyar Gwamnati da Darajar Wanda Aka Ceto

A watan Maris na 2024 sojojin ruwan Indiya suka ƙwato jirgin dakon kaya MV Ruen daga hannun 'yan fashin tekun Somaliya, suka kuɓutar da ma'aikata 17, bakwai daga cikinsu 'yan Bulgeriya. Shugaban ƙasarsu Rumen Radev ya fito fili ya yi wa Indiya godiya. Mutumin Magarya ko Dungas, wanda Najeriya duk tsawonta ta raba shi da teku, yana iya cewa ba ruwansa da wannan. A ganina da ruwansa, domin gwamnatin da ta gode wa wanda ya ceci ɗanta shelantawa take yi cewa mutumin nata ne, kuma tana lissafi da ransa.

Masana doka za su ce ceto wajibi ne, tunda yarjejeniyar SOLAS ta 1974 da sashe na 98 na dokar teku ta 1982 sun ɗora wa kowane matuƙin jirgi ya agaza wa wanda ruwa zai ci, don haka babu dalilin godiya. Haka yake a rubuce, amma wajibin da ba a yaba ba, ba a kuma taya ɗaukarsa ba, bai daɗewa. Bayan mutum sama da 360 sun nitse kusa da Lampedusa ranar 3 ga Oktoba 2013, Italiya ta kafa shirin Mare Nostrum, ta tsamo sama da mutum 100,000 daga Bahar Rum, tana kashe kusan yuro miliyan 9 kowane wata. Da nauyin ya yi mata yawa, shekara ɗaya aka rufe shi. Turkiyya kuwa ba ta manta da mutum 69 da Japanawa suka ceto daga jirgin ruwanta Ertuğrul a 1890 ba. A 1985 jiragen samanta ne suka kwashe Japanawa daga Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraki.

A cikin wannan Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 a arewacin Arlit, 52 daga ciki yara ne. Ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya bayan motocinsu sun mutu, kuma galibinsu mutanen Kance ne, maƙwabtan Magarya. Hamadar nan ita ce tekun 'yan ci-ranin Damagaram, teku marar yarjejeniyar ceto irin ta ruwa. Har yau Aljeriya tana sauke waɗanda ta koro a wani fili mai nisan kilomita 15 daga Asamaka, su tako cikin rairayi, ma'aikatan Alarme Phone Sahara suna bin sawu da babur mai ƙafa uku don ɗauko waɗanda ƙarfinsu ya ƙare.

Wani zai ce godiya a nan tonon asiri ce, domin amincewa ce da cewa talauci ya fitar da su. Shirun ya fi tsada. Gwamnatin da ta san sunan wanda ya ba ɗanta ruwa ita ce ke da bakin tuhumar wanda ya yar da shi. Aikin kuma daga ƙasa zai fara: hukumomin gari da sarakunan Magarya da Dungas su riƙa rubuta wanda ya dawo, inda aka tsince shi da wanda ya tsince shi, su miƙa wa ma'aikatar harkokin waje a Yamai.