Djibo Hamani da Tarihin Adar: Aikin Wani Masani a Ƙetaren Iyaka

Garuruwa biyu ne ke amsa sunan Illela a wannan sashe na ƙasar Hausa. Akwai Illela ta Jihar Sakkwato, wadda ke fuskantar Birnin Ƙwanni, akwai kuma Illela ta Jamhuriyar Nijar, can arewa wajen Tawa, inda gidan sarautar Sarkin Adar yake. Ɗalibai da yawa a nan Nijeriya ba su san da ta biyun ba, balle su san mutumin da ya rubuta tarihinta, wato Shehun Malami Djibo Hamani na Jami'ar Yamai.

Shi Hamani mutumin ƙasar Tawa ne, ya kuwa yi karatunsa mai zurfi a Faransa. Littafinsa na farko ya fito a 1975 a cikin jerin littattafan Études Nigériennes na cibiyar binciken kimiyyar ɗan'adam da ke Yamai, kuma a kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa ya yi shi. A sunan littafin ma ya sanya Adar cikin ƙasashen Hausa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a zamanin da aka saba taƙaita tarihin Hausa ga Hausa Bakwai da labarin Bayajida, alhali kuwa babu Adar a cikin wancan lissafi.

Abin da ya daidaita shi ne tsarin al'amuran. Adar ta zauna ƙarƙashin ikon Kabi har zuwa 1674, lokacin da Muhammad Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammad al-Mubarak, ya ci ƙasar da yaƙi. Daga baya Agabba ya hau gadon ubansa, amma da aka tuɓe shi a 1721 sai ya komo Adar, ya kafa gidan sarautar da ya zauna a Birnin Adar, sa'an nan a Illela. To, ga sarauta mai asali daga Azbin tana mulkin manoma Hausawa, tana kuma lallashin Abzinawa masu raƙuma da takubba, ga Gobir da Kabi a kudu suna kallo. A farkon ƙarni na 19 ma, sa'ad da Muhammad al-Jailani ya yi nasa jihadin a Adar har aka rinjaye shi, wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya nemi mafaka. Wanda duk ya karanta wannan zai gane cewa hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Ƙwanni zuwa Tawa da Agadas hanyar siyasa ce da malamai, ba ta gishiri da dabbobi kaɗai ba.

Tun da asalin sarautar Adar yana Agadas, can bincike ya ja shi. Sakamakon haka shi ne babban littafinsa na 1989 a kan daular Azbin, wadda aka kafa sarautarta a 1405. Ya yi aiki da rubuce-rubucen Larabci na gidan sarautar Agadas, waɗanda Bafaranshe Yves Urvoy ya fassara tun 1934, ya gwama su da labaran baka. A nan ya ƙarfafa maganar da Bello ya riga ya kawo a Infaƙul Maisuri, cewa Gobirawa sun zauna a Azbin kafin su gangaro kudu. Ana iya yi masa gardama a kan wasu shekaru, domin labarin baka ba ya riƙe lissafi, amma ginshiƙin maganar yana nan daram. A 2007 kuma ya fitar da tarihin Musulunci a Nijar daga ƙarni na 7 zuwa na 19.

Abin lura shi ne, a shekarun da Hamani yake wannan aiki, Mahdi Adamu yana nasa a Zariya, har ya buga littafinsa a kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma a 1978, kafin ya shugabanci Jami'ar Sakkwato daga 1982. Mahdi ya bi fatake kudu zuwa Gwanja, Hamani ya bi sawun sarauta arewa zuwa hamada. Jama'a guda suke nazari, amma ɗaya da Ingilishi ya rubuta, ɗaya da Faransanci.

Wannan rabuwa kuwa ba ta daɗe ba. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta ja da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato. Sai a 1904 da 1906 aka matso da iyakar kudu, domin Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Ta haka Ƙwanni, inda kakannin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka zauna, ta faɗa hannun Faransa, tare da Maratta inda aka haife shi a 1754. Ɗan tireda a kasuwar Illela yakan tsallaka Ƙwanni ya komo kafin azahar, amma ɗalibin tarihi a Sakkwato sai ya koyi Faransanci kafin ya karanta abin da Hamani ya rubuta a kan maƙwabtansa na Adar.